Hular Surukina a Tsakiyar Teku

A cikin duk abin da ya same ni tun zuwana Landan, akwai wata la'asar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe sauran. A cikin jirgin ruwa abin ya faru, kuma a gaban mutumin da na fi jin nauyinsa a duniya, mahaifin matata.

A shekarar ya zo ganin jikokinsa a gidanmu na Woolwich. Dattijo ne marar yawan magana, mutumin Yawuri, kuma tun ranar ɗaurin aure ban taɓa zama da shi na minti goma ba. Burina ɗaya, ya koma gida yana cewa 'yarsa tana hannun natsattsen mutum. Sai matata ta ce, "Baban yara, na yi mana booking ɗin cruise, yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, kwana huɗu. Baba ya ga teku kafin ya koma." Na ce madalla, ni da na tashi a Katsina, ruwan da na sani bai wuce na kududdufi ba.

Daga Tilbury muka tashi. Wannan ba jirgi ba ne, gari ne guda aka ɗora a kan ruwa, benaye a kan benaye, da lif da kantuna. Matsalar ita ce teburin abinci. A gida Baba yana cin nasa a falo, ni ina lallaɓawa kicin. A nan kuwa teburi ɗaya aka ba mu, yana fuskantata. Ta yaya zan buɗe baki in tauna a gaban surukina? Kwana biyu ina juya cokali a faranti, ina kurɓar shayi.

"Ka ci wani abu mana, nan ba Katsina ba ne," in ji matata cikin raɗa. "Ka sha tablet ɗin hana jiri kuwa?"

Na ce ba na buƙata. A kemis nake aiki, kullum ina gaya wa mutane kada su hau ruwa da ciki wayam, amma ni girman kai ya hana ni jin tawa maganar.

Rana ta biyu bayan la'asar, matata ta tafi da yara wurin wasansu, ta bar ni in raka Baba zauren kallo. Da muka shiga sai na tsaya cak. Jajayen kujeru hawa-hawa, ɗaruruwan mutane, fitilu iri-iri, dandamali yana nitsewa ƙasa ya taso da makaɗa a kansa, duk a cikin jirgin da ke tafiya. Wasu maza biyu suka kama dogon ƙyalle suka haye har rufi, suna alkafura a iska. Na manta da kowa, baki buɗe.

Can sai na lura labulen yana karkata dama, ya dawo hagu, ba wanda ya taɓa shi. Zauren ba taga ko ɗaya. Idona na cewa a zaune nake, cikina na cewa ƙarya ne. Gumi mai sanyi ya keto mini, yawu ya cika bakina, fitilun suka fara zagaye ni. A haguna bango ne. A damana Baba ne, ya miƙe ƙafafunsa saboda ciwon gwiwa, ya tare hanyar fita. Ko in tsallake ƙafar surukina, ko in yi amai a gabansa. Na runtse ido ina karanto duk addu'ar da na sani.

Jirgin ya ɗaga, ya sauka. Na san an gama.

Sai na ji an danna mini wani abu mai laushi a hannu. Hularsa ce, sabuwar zannar da ya zo da ita daga gida.

"Yi a nan, ɗana," ya ce, idonsa na kan dandamali.

Na yi. Bai dube ni ko sau ɗaya ba, tafi ma yake yi wa 'yan wasan da ƙarfi don kada na kusa su ji ni. Daga nan ya naɗe hular, ya kama hannuna muka fita, ya jefa ta a kwandon shara ba tare da ya waiwaya ba.

Ya kai ni sama, waje. Iska ta buge ni, na ɗago kai, sai ga teku. Ba gaɓa, ba tsuntsu, ruwa ne baƙi-ƙirin yana tasowa kamar tuddai yana kwantawa, har iyakar gani. Jirgin da na kira gari ya koma ɗan mitsitsi. Bakina ba abin da ya iya sai Allahu Akbar.

"Kalli can inda sama ta haɗu da ruwa, kada ka ɗauke ido," in ji Baba. "Haka muke gaya wa baƙi a kwale-kwale. Ruwa ba ya raina kowa, ba ya kuma jin kunyar kowa."

Jirin ya fara sauka. Na saci kallonsa. Dattijon da ko 'yarsa ba ta cika ganin kansa ba hula ba, ga shi tsaye a cikin Turawa, iska na kaɗa furfurarsa, saboda ni. Hawaye suka zubo mini, na bar su a kan laifin iska.

Bai taɓa gaya wa kowa ba, har Allah ya karɓi ransa. Ranar na gane cewa duk dabarata ba ta isa ta tsare mini mutunci ba. Wani ne ya tuɓe nasa ya rufa mini, kuma tun daga lokacin, in na ga mutum na neman jin kunya, nakan kawar da kai in miƙa hannu.