Kwalbar Zumar Dezso

Shekara tara Dezso ya yi yana fasa dutse a ramin da ake ajiye sharar nukiliya a bayan ƙauyensu. Da gwiwa ta gaza, ya koma kiwon ƙudan zuma. Ya san zurfin ramin, ya san kaurin simintin da ake zuba wa gangunan sharar. Takarda ce kawai bai yarda da ita ba.

Duk kaka Eniko, mai awon tururin nukiliya, takan karɓi kwalbar zuma a kowane gida. Bayan wata guda takarda ta iso: babu komai.

"Kawu Dezso, bana ma murtuke mini fuska za ka yi?"

"'Yata, tsakani da Allah, aunawa kuke yi ko a burodi kuke shafawa?"

"Taka kam ko burodin ba ya so," ta ce tana dariya.

A shekarar ya ƙudura sai ya gwada su. Ƙanin matarsa ya taɓa kawo musu zuma daga wani daji a arewacin Ukraine, inda gubar tsohon hatsarin tashar nukiliyar nan ba ta gama barin ƙasa ba. Ba wanda ya ɗanɗana ta. Dezso ya juye ta a kwalbarsa, ya miƙa wa Eniko.

Bayan kwana shida motoci biyu suka tsaya a ƙofarsa: awo ya nuna guba a zumar. Aka dakatar da sayar da zumar ƙauyen gaba ɗaya, ga kasuwar bikin kaka saura mako.

Matarsa Piroska ta leƙa ɗakin ajiya, ta ga tulun zumar ƙaninta wayam.

"Tsohon banza! Gida goma sha ɗaya ka rufe wa kasuwa. Za ka faɗa ko in faɗa?"

A zauren taron ƙauye ya miƙe, hula a hannu, ya faɗa. Wani maƙwabci ya jefo masa zagi daga baya. Eniko dai ta tattara takardunta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Aka sake awo, zumar kowa ta fita lafiya, amma biki ya riga ya wuce.

Tun daga nan Eniko ba ta karɓar kwalba a hannun kowa. Da kanta take buɗe amya ta ɗiba. Dezso kuwa yakan tsaya a kanta.

"Tawa kun auna, na gani. To, ta sauran fa?"