Mai Kushin da Kalmarsa ta Sabuntawa

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, babbar 'yarka ta bugo mini waya, ta ce Baba ya cika. Maƙwabcina, mai kushin na bakin layinmu, ka tafi.

Kalma ɗaya ce ba ka yarda a yi mata riƙon sakainar kashi. Duk wanda ya kawo kujera shagonka sai ka tambaye shi, "Gyara kake so ko sabuntawa?" A wurinka gyara shi ne a ɗinke inda ya yage, a buga ƙusa, a wuce. Sabuntawa kuwa sai an kwance kujera har katakonta, a zubar da soson da ya mutu, a bar abin da ke da sauran ƙarfi, a ɗora sabo a kai. Har tsokanarka nake yi, ina cewa wata rana haƙoranka ma za ka sabunta.

Da matata ta rasu na kulle kaina a ɗaki, ko masallaci da ƙyar nake fita. Kai ne kullum da la'asar kake ƙwanƙwasa ƙofa, ka ce, "Malam, hirar jiya ta tsufa, na zo mu sabunta ta." Kai kuwa ba ka gajiya da zama.

Wata rana ka ɗauke kujerar da matata take zama a kai, wadda na kasa kallo, na kuma kasa fitarwa. Na yi fushi, har na daina amsa sallamarka. Ka dawo da ita da sabon yadi, amma ba ka taɓa hannuwan katakon ba, inda tafinta ya goge fentin. Ka ce, "Wannan nata ne, ba ni da iko da shi." Ranar na fara yi mata kuka.

Yanzu la'asar na yi, layin shiru, babu ƙarar gudumarka. Jiya na zuba shayi kofi biyu kafin na tuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna. Ga uwargidanka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a.