Hoton da Na Ɗauka a Ƙofar Kyamis

Shekara biyar takardar digirina ta yi a ƙarƙashin katifa kafin wani kamfanin kayan asibiti ya ɗauke ni aiki. Suka ba ni babur da jaka da waya, suka ce yankin Karaye da Rogo nawa ne tunda can aka haife ni. Kayan cikin jakar ba su da yawa: na'urar awon hawan jini, ta awon suga da tsinkayenta, ma'aunin zafin jiki, sai wata ta shaƙar magani ta masu asma. Aikina in bi kyamis-kyamis da ƙananan asibitoci in nuna kayan, in koya yadda ake amfani da su, in karɓi oda. Ranar da na shiga gida da jakar mahaifiyata ta ce to, yau dai an samu likita a gidan nan. Na ce ba likita ba ne, talla ce. Ta ce in rufe mata baki kada maƙwabta su ji.

Ba zan ɓoye ba, da farko na so aikin. Akwai daɗi ka ɗaura wa dattijo na'ura a dantse, ya ƙura mata ido tana kumbura kamar zai tsawata mata, lamba ta fito, mai kyamis ya ce masa gobe lallai ya je asibiti, kuma ya je. Sai dai wata biyun farko ban sayar da abin kirki ba. Mutanenmu ba sa sayen abin da ba su san mai shi ba, kuma sanin sunan mahaifinka bai isa ba.

Wanda ya buɗe mini hanya wani dattijo ne a Rogo Sabon Gari, malamin asibiti da ya yi ritaya ya buɗe kyamis a jikin gidansa. Baba nake ce masa kamar kowa. Zuwana na farko bai bari na zuge jaka ba. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi wane ne kakana na wajen uwa, aka kira azahar muka je muka dawo, matarsa Hajiya ta aiko da ɗanwake. Sai da la'asar ta gabato ya ce, "To, mu ga abin naka." Ya gwada a hannunsa sau uku, ya ɗauko tsohuwar tasa mai famfo ya sake gwadawa, lambobin suka zo kusa da juna. Ya sayi biyu, ɗaya ta shago, ɗaya ta cikin gida, don Hajiya na fama da hawan jini. Bayan nan duk kyamis ɗin da na shiga a Rogo sai a ce, "Kai ne na wajen Baba?" Da sunansa na ci abinci a garin nan, ba da rubutun da ke jikin jakata ba.

A shekara ta biyu kamfani ya sa mana manhaja a waya. Wani da bai taɓa taka Karaye ba ya zauna a ofis mai sanyi ya duba taswira, ya yanke cewa ziyara goma sha biyu zan yi kullum. Kowane shago sai na tsaya a ƙofarsa, wayar ta tabbatar ina wurin, in ɗauki hoton fuskata da allon shagon a bayana. Suka ce a riƙa fara'a a hoton, wai shi ne ke nuna ma'aikaci yana jin daɗin aikinsa. Ƙarfe biyar manhajar ke rufewa. Wanda bai cika sha biyu ba sau uku a wata zai samu takardar gargaɗi, takarda ta uku kuwa ka ajiye babur.

Taswira ba ta san damina ba. Ba ta san cewa hanyar da ta zana siririya daga ƙauyen Turawa, in an kwana ana ruwa, sai ka sauka ka tura babur laka har ƙauri. Ba ta san masu kyamis ɗinmu manoma ba ne, da safe suna gonar gyaɗa, shago a kulle har rana ta take. Sabis kuma sai ya ga dama. Na sha tsayawa a kan jujin wani ƙauye ina ɗaga waya sama, mata masu dawowa daga rijiya suna kallona suna ƙunshe dariya. Babban abin da ba ta sani ba shi ne gaisuwa. Minti goma ta ware wa kowane shago, alhali a wajenmu minti goma ko iyali ba a gama tambaya ba.

Na faɗa wa manajanmu haka a taron wata a Kano. Ɗan Kano ne, ya san duk abin da nake faɗa, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Na ce, "Oga, cinikina ya fi na bara. Me ya sa ake ƙirga ƙofofi ba a ƙirga abin da aka sayar?" Ya ce, "Ni ma ƙirga ni ake yi. Ka rage surutu da mutane, kai ba ɗan siyasa ba ne." Muka yi dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba.

Na rage ɗin. Na koyi gaisuwa a kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, inji na aiki. Na koyi cewa "sai na dawo" tun mutum bai gama "ya gajiya" ba. Na koyi washe baki da zarar na ɗaga waya, ko da yunwa nake ji ko yanzu na faɗi a laka. Da duk wannan, takardar gargaɗi biyu ta same ni kafin damina ta raba. A gida ga matata da tsohon ciki, ga mahaifiyata. Ba na son in sake komawa zaman majalisa ina jiran wani ya saya mini shayi, wannan tsoron shi ke tashina kullum.

Ranar da nake son ba da labarinta, sau biyu na riga na gaza a watan, saura ɗaya takarda ta uku ta fito. Na fita tun da sassafe, na yi ta fama, ƙarfe huɗu da rabi ina da sha ɗaya. Na bar shagon Baba a ƙarshe da gangan, don in na ɗauki hoton sai in zauna mu yi hira yadda muka saba, ba mai kora ta.

Tun daga kwanar layin na hango tabarmi. An shimfiɗa su daga ƙofar gidan har bakin shagon, shagon a rufe, mutane zaune jere, takalma a gefe. Na kashe babur daga nesa na tura shi. Wani mai faci da na sani ya ce mini Hajiya ce ta rasu, jiya da yamma, an kai ta tun jiyan. Na tsaya riƙe da babur na rasa abin da zan yi da hannuna. Matar nan ko makon da ya wuce ta aiko a tambaye ni ya jikin matata.

Na cire takalmi na ƙarasa. Baba na zaune a tsakiya, jingine da ƙofar shagon, daidai ƙarƙashin allon. Na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta." Ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba. Ya ce, "Amin. Ka zo? Na ce a kira ka, hankalin yaran bai kai ba. Da na'urar nan taka muka yi ta aunawa har ƙarshe. Ta yi mana amfani, Allah Ya saka." Ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, wurin da ya kamata a ce ɗan'uwa ne ya zauna.

Na zauna, kuma wayar tana aljihuna. Ina jin nauyinta a cinyata. Ana ta shigowa, ana addu'a, ana shafawa, ni ina satar kallon agogon wani da ke gefena. Biyar saura kwata. Saura goma. Na ce a raina in bari kawai, gobe in kira Oga in yi masa bayani. Sai na tuna ba Oga ke fitar da takardar ba, ita manhajar ce, kuma ba ta da kunne. Na tuna matata. Na yi ta ja da kaina, kuma ina sane da duk abin da nake yi, ba zan ce ruɗewa ce ba.

Saura minti biyar na tashi kamar zan gyara babur. Na koma can ƙarshen tabarmi, na juya wa jama'a baya, na zaro wayar na riƙe ta ƙasa-ƙasa. Ta tabbatar ina wurin. Na karkata ta har allon ya shigo. A daidai lokacin liman ya shafa addu'a, wuri ya yi tsit, na danna. Manhajar nan tana da ƙara in ta ɗauki hoto, ƙyas, kuma an hana a kashe ta don kada mu yi maguɗi. Ban taɓa jin ƙarfinta ba sai ranar.

Na duba hoton. Ga allo, ga mutane a zaune da hannuwa a fuska, ga Baba yana kallona kai tsaye. Ga ni a gaba, haƙora a waje. Wallahi ban san na yi fara'ar ba, fuskar ce ta saba.

Wani dattijo ya kawar da kai, wani ya gyara hularsa. Wayar ta kawo tambayar da take yi duk sanda ba a yi ciniki ba: me ya hana? Tsada, ko yana da kaya, ko ya saya a wani wuri, ko ba ya nan. Sai ka zaɓi ɗaya take rufewa. Na zaɓi ba ya nan.

Na koma na durƙusa in yi sallama. Baba ya ce, a hankali, yadda na kusa kawai za su ji, "Ya fito sosai? In bai fito ba ka sake, kada su hukunta ka a kanmu." Da zagina ya yi a gaban mutane da na fi samun sauƙi. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Ba komai. Aiki ne. Ka gaida gida."

Takarda ta uku ba ta fito ba. A ƙarshen watan ma har sunana aka sa cikin waɗanda suka kiyaye ƙa'idar ziyara, Oga ya turo mini saƙon yabo. Ranar sadakar bakwai na koma ba waya ba jaka, na zauna tun hantsi har azahar. Baba ya karɓe ni da mutunci, ya yi godiya, irin godiyar da ya yi wa kowa.

Har yau ina aikin, kuma har yau yana sayen kayana. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban samu bakin da zan tayar ba. Amma duk ranar da na je, da ya ji ƙarar babur ɗina, kafin in kashe shi, kafin in yi sallama, sai ya dafa gwiwa ya miƙe daga bakin ƙofa ya koma gefe ya tsaya, don kada ya tare mini allon.