Mai Jirgi, Wanda Ya Ƙi A Wanke Shi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, bayan azahar, matarka ta kira ni ta ce ka cika a asibiti, bayan doguwar jinyar ƙoda. Na san wasu za su yi mamakin ganin ni ce ke rubuta maka ta'aziyya, alhali kai ne matuƙin jirgin yaƙin da ya saki bom a kan motar da ƙanena Auta yake ciki. Su yi ta mamakinsu, ni dai na san abin da na gani.

Auta soja ne, kai ma soja ne, tuta ɗaya kuke yi wa yaƙi. Da aka kawo mana labari, cewa aka yi abokan gaba ne suka kashe shi da abokan aikinsa. Aka ba Inna lambar yabo, ta rataye kusa da hotonsa. Muna nan a haka sai ga ka wata rana da hantsi cikin kayan gida. Ka tsuguna a ƙofar ɗakinta ka ce, "Inna, ba abokan gaba ba ne. Ni ne na kashe ɗanki." Inna ta daɗe tana kallonka, sannan ta saki labule. Ni kuwa ban rage maka komai ba. Na ce ba zan taɓa yafe maka ba sai ranar da ka maimaita wannan magana a gaban kotu. Ka ce, "Na yarda, Yaya," ko da yake ka girme ni.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Sojan ƙasa kan shimfiɗa ƙyalle mai ruwan lemo a rufin motocinsu domin na sama su gane nasu ne. Ka hango wani abu mai wannan launi ta cikin hayaƙi, ka tambayi mai ba ku umarni ta rediyo, ya ce babu namu a wurin. Ka sake tambaya, ya daka maka tsawa, ka harba.

Kwamitin bincike abu ɗaya ya nema a wurinka: ka ce ba ka ga ƙyallen ba. Da ka faɗi haka, da an wanke ka tas, an wanke mai rediyo, an ɗora wa hayaƙi laifi. Ka ƙi. Ka ce ka gani, ka yi shakka, kuma kana da isasshen man da za ka sake kewayowa ka duba, amma ba ka yi ba. Ka nemi a hukunta ka, a kuma kira wanda ya ba ka umarni. Ba a yi ko ɗaya ba. Aka sallame ka da sunan rashin lafiya, shi kuwa aka ƙara masa girma.

Ka buɗe shagon gyaran janareta, ka shiga je-ka-ka-dawo daga wannan ofis zuwa wancan kana neman a gurfanar da kai. Ban taɓa jin wanda ya yi wa kansa wannan naci ba. Kullum a ce maka ana dubawa, daga nan shiru kamar an shuka dusa.

Gidanmu ma ba ka daina zuwa ba. Inna ta fi shekara ba ta amsa sallamarka, kai kuma ka zauna a benci a waje har ka gaji ka tafi. Da iska ta yaye mana kwano, kai ka hau ka buga. Ɗiyar Auta kai ka riƙa kai ta makaranta a tsohon babur ɗinka. Ranar da ya kayar da kai a kwatar ƙofar gida ne Inna ta fara yi maka magana. Ta ce, "Mai Jirgi, a haka ka tuƙa na sama?" Sunan ya bi ka, har ta rasu da shi take kiranka.

A wannan tsakanin jami'ai suka yi ta bin iyalan mamatan gida-gida, suna cewa ƙaddara ce, a yafe. Duk gidan da aka amsa, sai a ce sun janye ƙorafinsu. Mutane sun gaji, kuma ban ga laifinsu ba. Aka wayi gari saura mu kaɗai.

Na same ka a gadon asibiti ƙafafunka sun kumbura, muryarka ba ta fita sosai. Na ce na janye sharaɗina, na zo in yafe maka. Ka girgiza kai ka ce, "Kada ki faɗa tukuna, Yaya. Kina faɗa za su ce magana ta ƙare." Na ce to kai fa, haka za ka je gaban Allah? Ka ce, "Shi Ya san abin da na gani." Na fito ina kuka, ina jin haushinka kamar ranar farko.

Kotu ba ta zauna ba, ga shi mai shaidar ya tafi. Na yi maka biyayya kana raye, yau kam ba zan yi ba. Na yafe maka jinin ƙanena duniya da lahira. Kuma masu jira su ji da kyau, kai kaɗai na yafe wa. Wanda ya ce ka harba yana nan da ransa, ni ma ina nan, kuma na san hanyar ofisoshin da ka bi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta sha gorin mutane ba ta gudu ba, da 'ya'yanka da sauran dangi. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya jiƙan Inna da Auta da waɗanda suka rasu tare da shi. Shari'ar da ka roƙa a duniya aka hana ka, Allah Ya sassauta maka ita a can.