Ciwon zuciyar da na ɗauka kewar uba ce

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Ollelewa. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta abin da nake faɗa. A lokacin da abin nan ya faru ina da ƙarfina, ina noman gero da gyaɗa a gonar maigidana. Ya rasu shekarar da fari ya ƙarar mana da dabbobi, ya bar ni da 'ya ɗaya mai shekara tara, wadda ba ta rabuwa da gefen rigarsa.

Bayan rasuwarsa yarinyar ta daina wasa. In ta ɗauko tulu daga rijiya sai ta zauna tana haki, ƙafafunta suka fara kumbura. Ranar kasuwa na kai ta gidan likita a Tanut. Likitan ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya ce mini ciwon zuciya ne, ya ba ni takarda in kai ta Damagaram. Mu a wurinmu ciwon zuciya baƙin ciki ne. Na ce a raina ai na sani, ubanta take kewa, me Damagaram za ta yi wa maraici? Na yi godiya, muka koma gida.

Sai na shiga yi mata maganin kewa. Na hana ta zaman ɗaki, na tura ta daka da ɗiban ruwa da sa'o'inta don ta manta. In ta ce ta gaji, in ce ta yi haƙuri, ba ita kaɗai ta rasa uba ba. Ta rasu kafin a yanke gero, a zaune, don kwanciya ta gagare ta.

Bayan shekaru wata ungozoma ta karanta mini takardar. Ta ce zuciya tsoka ce mai ƙofofi, ɗaya daga ƙofofin zuciyar 'yata ba ta rufuwa, jini na komawa baya. Ta ce a ƙasar Turawa har inji ake haɗa wa yaro ya taya zuciyar aiki, amma wataƙila ko Damagaram ba su iya ba. Na saurare ta kamar labarin 'yar wata take ba ni. Har yau hawaye na zubo mini, amma cikina shiru.

Na sani kwananta ne ya ƙare. Tulun dai ni na ɗora mata. 'Yan'uwana mata, in likita ya faɗa muku kalmar da kuka sani, ku tambaye shi me yake nufi da ita. Ni na ji Hausarsa sarai, shi ya sa ban tambaya ba.