Ni da Duna a Bayan A-kori-kura

Jama'a, yau na yi tsere da kare a tsakiyar daji!

Kun san Baba yana wajena a Samaru yana jinya. Tun da aka kawo shi ya ƙi abinci, wai sai ya ga Duna, karen farautarsa da aka baro a ƙauye. Na ce ko ta halin ƙaƙa yau sai na kawo shi. Ko coci ban je ba, na nufi ƙauyenmu bayan garin Giwa.

Wajen dawowa direban bas ya ce, "Malam, masu sallah na ɗauko, kare zai lashe musu tufafi." Sai wani mai a-kori-kura ya ce mu hau baya, kan buhunan masara.

Muna tafe, fili fetal, tausayi ya sa na kwance wa Duna igiya. Zomo ya gilma. Duna ya dire!

Na bubbuga mota. Direba ya ce, "Ana jirana a Sabon Gari fa!" Na ce, "Wuce, ni ba na shiga Samaru ba karen nan."

Na bi gonaki, silifas ya tsinke. Kira nake, shiru. Sai na tuna fiton da Baba ke yi da yatsu biyu. Na gwada. Sai ga Duna, zomo a baki!

Muka dawo bakin hanya, ashe direba bai tafi ba. Ya ce, "Wannan gwanin gaba zai zauna."

Muna shiga gida Baba ya shafa kan Duna, ya karɓi zomon, ya dubi matata ya ce, "Ladi, ɗora tukunya. Ki cika yaji."