Kunya Huɗu a Bayan Gawo

Shekarun baya, watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifina, rigima ta tashi tsakanina da baffana a kan iyakar gonarmu da ke garin Babban Mutum. Shi ya ce gawo ne iyaka, ni na ce har kunya huɗun da ke bayansa namu ne, tunda na taso ina ganin mahaifina yana noma su. Mai gari ya sa mana ranar Laraba, ga damina ta kawo kai.

Na san marigayi ya ɗauki hoton takardar gonar ya ajiye a imel ɗinsa. Lambar sirrin kuwa ya tafi da ita, layin wayarsa ma ya ɓata. Tsohuwar kwamfutarsa kaɗai ta rage, inda imel ɗin yake a buɗe. Na kunna, sai fari fat. Shafin ya sauya zamani, burauzar, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsufa.

Kwana biyu na kasa zaune na kasa tsaye. In kunna, in kashe, in hura mata iska. Mahaifiyata ta ce, "Kai ka zauna mana, ka sa ni jiri." Na saɓi kwamfutar na nufi shagon abokina mai gyaran kwamfuta a cikin Daura, na ce ya zuba sabuwar burauza.

"Ka rufa wa kanka asiri," in ji shi. "Sabuwa lambar sirri za ta tambaye ka. Bari mu yi wa tsohuwar faci."

Facin wani ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauza, wai shi folifil, yana cike mata abin da sababbin shafuka ke nema ita ba ta da shi. Na farko bai yi ba. Yana gwada na biyu ina zagaye shagon, har ya kore ni waje.

Da ya kira ni, ga saƙonni sun jeru. Na buɗe takardar. Gawo ne iyaka. A ƙasan hoton, mahaifina ya rubuta: "Kunya huɗun bayan gawo na ƙanina ne, aro ya ba ni."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na tambayi abokina ko facin na ciruwa, don takardar ta sake ɓacewa. Ya dube ni kawai, na sunkuyar da kai.

Ban jira Laraba ba. Na buga takardar, na hau babur na kai wa baffana, ina ta kame-kame. Ko karantawa bai yi ba.

"Ɗana, ai ni na riƙe igiya ranar awo," ya ce. "Ka ci gaba da nomawa. So nake kawai ka tambaye ni, kamar yadda Yaya ya tambaya."

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na wahalar da tsohuwar na'ura ina neman shaida, alhali mai shaidar yana raye ina ɗaga masa murya. Duk shekara kafin shuka nakan je in durƙusa in nemi aron kunya huɗun nan, shi kuma bai taɓa cewa in daina zuwa ba.